Ciyawar roba a gidan da ke da karnuka: in shimfiɗa ko in haƙura?

Abban Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gwadawa. Ina da karnuka biyu, babban namiji da wata karya 'yar shekara ɗaya da rabi. Filin bayan gidana mita takwas ne a tsayi, shida a faɗi. Sau biyu ina shuka ciyawa tana mutuwa. Inda karyar take tsugunawa ya ƙone ya koma rawaya, gindin katanga kuma inda suke tsere ya zama turba, ƙasa tsirara. Da an yi ruwa sai taɓo, su kwaso shi a ƙafa har baranda. Wani abokina ya ce in shimfiɗa ciyawar roba in huta. Abin da ke tsorata ni shi ne zarni, sai kuma namijin nan da ba ya ganin ƙasa bai tona ba. Wa ya taɓa yi?

Hajiya Mairo: Wa alaikumus salam. Abban Nura, dakata ka ji nawa kafin ka kira mai aiki. Shekara uku ke nan da na shimfiɗa. Watannin farko sai hamdala, fili kore shar, ba taɓo, ba ƙura, kashi ka kwashe shi cikin minti ɗaya. Da zafi ya shigo sai na fara jin wani tashi idan na buɗe taga da rana. Na wanke, na sake wankewa, na sayi abin ƙamshi na fesa, sai ƙamshin ya haɗu da zarnin ya fi na da muni. Har ta kai jikokina sun daina fita wasa wajen, kuma saboda su ne ma na yi aikin tun farko. A ƙarshe na sa aka ɗaga gefe ɗaya. Wallahi sai da muka toshe hanci. Mai aikin yashi kawai ya baza, ya ɗora wani baƙin ƙyalle na hana ciyawa tsirowa, sannan ya shimfiɗa robar a kai. Ƙyallen nan ya sha fitsari ya ƙoshi. Duk wankin da nake yi a sama nake yi, ciwon yana ƙasa.

Injiniya Bala: Hajiya, sannu da haƙuri. Abin da ya same ki shi ne abin da na fi yawan gani idan an kira ni gyara. Mutane ganyen suke dubawa, launinsa da laushinsa, alhali a gidan kare rabin aikin ko fiye yana ƙarƙashi inda ido ba ya gani.

Abban Nura, ga yadda ya kamata. A ƙwaƙule ƙasar sama kamar santimita 8 zuwa 10. Idan za a sa ƙyallen hana ciyawa, a can ƙasan ramin za a sa shi, kada ya taɓa bayan robar. Sai a zuba farfasasshen dutse, wanda ke da kusurwa, a daddaɓe shi da inji, a bi samansa da ƙananan ɓarɓashin dutse don ya daidaita. Dutse mai kusurwa yana kama juna ya tsaya, amma ya bar ƙofofin da ruwa zai bi ya wuce. Yashi kuwa riƙe danshi yake yi, da fitsarin da komai. A kuma ba filin ɗan gangare, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi magudanar ruwa, ya juya wa ɗaki baya.

Sannan ka juya robar ka duba bayanta kafin ka saya. Akwai mai ƙananan huji jefi-jefi, akwai wadda duk bayanta ruwa yake ratsawa kamar rariya. Ta biyun ita ce ta gidan kare. Mai huji-hujin fitsari yakan kwanta tsakanin huji da huji ya bushe a nan. Shafen bayan ma, wato abin da ke riƙe ganyen, iri biyu ne, akwai latas (latex), wato ƙaron roba, akwai foliyuretan, wata irin roba ta daban. A abin da na gani da idona, mai latas ta fi riƙe wari kuma ta fi saurin sakin jiki idan kullum tana jiƙe. Ganyen kuma kada ya yi tsawo, santimita 2 zuwa 3 ya isa. Dogon ganye ya fi kyau a hoto, amma kashi mai ruwa yana maƙalewa a cikinsa.

Abban Nura: Allah ya saka da alheri, Injiniya. To maganar tono fa?

Injiniya Bala: Kare ba ya huda tsakiya sai ya sami baki. Gefe da wurin haɗi su ne lagonta. A kafa katako ko a zuba siminti a kewaye, a danne bakin da ƙusa kusa da kusa, wurin haɗi kuma a sa tef da gam da kyau. Idan farcensa ya sami inda zai shiga sau ɗaya, to ya gano hanya.

Dakta Hauwa: Ni likitar dabbobi ce, kuma abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba tukuna, wato zafi. Ciyawar Allah tana fitar da ruwa ta ganyenta, shi ya sa ko da tsakar rana za ka taka ta ba takalmi. Roba ba ta da wannan. A shekarar 2002 an auna wani filin ƙwallo mai ciyawar roba a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka, aka sami saman filin ya kai digiri 93 a ma'aunin salshiyos, a ranar da zafin iska yake wajen 37. Sun kuma gwada ban ruwa. Zafin ya sauka nan take, amma cikin minti ashirin ya kusa komawa inda yake.

Kare ba ya gumi a jiki kamar mu. Haki yake yi, sai ɗan gumin tafin ƙafa. Cikinsa kuma yana kusa da ƙasa, duk turirin da ke tashi shi yake shaƙa. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 da 39 ne, idan ya haura 41 rai ake magana. Na sha ganin karen da aka kawo fatar dagi ta saluɓe saboda kwalta ko daɓe mai zafi, kuma ciwo ne mai wuyar warkewa tunda dole ya taka wurin. Gwajin ba shi da wuya: ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai. Idan ka kasa jurewa, shi ma ba zai jure ba, sai dai shi ba zai faɗa maka ba. Masu gajeren hanci da tsofaffi da masu ƙiba su suka fi shiga haɗari.

Injiniya Bala: Dakta, ban ƙi taki ba, amma a yi wa ta gida adalci. Filin ƙwallon da kika ambata irin wanda ake cika wa baƙin garin tsohuwar taya ne, shi kuwa baƙin abu kowa ya san yadda yake shan rana. Ta gida ba a sa mata wannan, yashin silika ake zubawa ko wani farin dutse da ake kira ziyolait. Ba za ta kai can ba.

Dakta Hauwa: Gaskiya ne, Injiniya, ba za ta kai 93 ba. Amma fata ba ta jiran 93 kafin ta ƙone. Ganyen kansa roba ne, ko me aka zuba a tsakaninsa. Ni dai sharaɗina shi ne inuwa, da kuma wani wuri na ƙasa ko ciyawa inda kare zai koma ya kwanta. Idan duk filin roba ce kuma mai gida ya fita tun safe, ina karen zai je da azahar?

Auwal: Ku gafarce ni manya, ni ƙarami ne a nan. Menene ziyolait ɗin? Kuma ni a gidanmu da bilic muke wanke inda kare ya yi fitsari, ba za a iya yi wa robar haka ba?

Dakta Hauwa: Auwal, don Allah ku daina zuba bilic kai tsaye a kan fitsari. Fitsari yana da sinadarin yuriya, ƙwayoyin bakteriya suna narka shi ya koma amoniya, wannan shi ne zarnin da ke yankar hanci. Idan bilic ya haɗu da amoniya suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. A fara kora wurin da ruwa mai yawa tukuna. Don wankin yau da gobe akwai ruwan wanki mai inzayim, wanda ke cinye dattin da bakteriyar ke ci. Ruwan kal da aka sirka rabi da rabi da ruwa shi ma yana rage wari.

Ziyolait kuwa dutse ne mai ƙananan ƙofofi da yake kama amoniya ya riƙe. Yana taimakawa, amma cika yake yi, sai an riƙa korawa da ruwa ana ƙara sabo.

Ummu Khalil: Bari in shigo da nawa, don kada a ce kowa kuka yake yi. Tawa shekara biyar, karnuka uku ƙanana, kuma ban yi nadama ba. Amma in faɗa muku gaskiya, wanda ya ce ba ta buƙatar kula ya yaudare ku. Kullum da yamma ina jan tiyo in kora kusurwar da suke fitsari, minti biyar. Kashi ba ya kwana. Sau ɗaya a mako in fesa mai inzayim. Sau ɗaya a wata in bi ta da buroshi mai tauri in tayar da ganyen, in kuma kwashe gashi, don gashin kare yana taruwa ya toshe hanyar ruwa, mutane ba su san wannan ba. Filina kuma akwai babbar bishiya da ke rufe shi daga hantsi. Da da yanzu aikin bai ragu sosai ba, canzawa ya yi. Abin da na samu shi ne rabuwa da taɓo, kuma ƙuma da kaska sun ragu ƙwarai.

Dakta Hauwa: Sun ragu, Ummu Khalil, amma kada ki daina ba su magani. Ƙuma a shimfiɗar kare take ƙyanƙyasa ma fiye da fili.

Malam Sule: Na daɗe ina karantawa ina haɗiye magana. Shekara talatin ina aikin lambu, kuma zuciyata ba ta son abin nan ko kaɗan. Kun ji Ummu Khalil, Allah ya yi mata albarka ta faɗi gaskiya: kullum sai ta ja tiyo. To ruwan da aka ce za a huta da shi ina ya tafi? Ƙasa mai rai ita take cinye fitsari. Akwai ƙananan halittu a cikinta da suke mayar da shi taki, tana da tana, tana da saiwa. Ka ƙwaƙule wannan duka ka zubar, ka zuba dutse, ka rufe da leda, sannan ka koma kana sayen magani a kwalba don ya yi maka aikin da ƙasa take yi kyauta.

Abban Nura, ciyawarka ba ƙin ka ta yi ba. Fitsarin kare naitirojin ne ya yi masa yawa, kamar ka juye buhun taki wuri ɗaya. Duba gefen inda ya ƙone za ka ga ya fi ko'ina kore, don can ya sami daidai ƙima. Karya tana tsugunawa ta sauke duka wuri guda, namiji kuwa yana rarrabawa, shi ya sa nata ya fi ƙonawa. Bokiti ɗaya na ruwa a kan wurin bayan ta gama ya wadatar. Ka kuma nemi ƙiri-ƙiri, ita tana yaɗo ta sama da ta ƙasa, inda aka tattake takan rufe da kanta idan an ba ta hutu.

Abban Nura: Malam, hutun ne babu. Filin ƙarami ne, su kuma biyu, kuma ba ni gida da rana balle in bi ta da bokiti.

Malam Sule: To ka raba filin da waya, rabi yana hutawa rabi yana aiki. Haka ake yi wa filin kiwo.

Injiniya Bala: Malam Sule, da girmanka, mita takwas da shida idan aka raba biyu me ya rage wa manyan karnuka biyu? Ni ba na ce kowa ya sa roba ba. Mai babban fili da kare ɗaya ni da kaina nakan ce masa ya bar ciyawarsa. Amma akwai filin da ƙafa ta fi ƙarfin saiwa, ko me ka shuka. Mutumin nan ya gwada sau biyu.

Malam Sule: Na ji. To bayan shekara goma ko sha biyar idan ta tsufa ta koɗe, ina za a kai ta? Roba ce iri-iri aka manne wuri ɗaya, ga yashi, ga fitsarin shekaru, masu sake sarrafa roba ba sa son ta. Juji za ta. Kafin nan ma ganyen yana gutsurewa kaɗan-kaɗan, ruwa yana tafiya da shi. Ba ni kaɗai nake faɗa ba. Tarayyar Turai a 2023 ta yi dokar da za ta hana sayar da garin robar da ake zubawa a filayen wasa daga 2031. Birnin Boston na Amurka a 2022 ya ce zai daina shimfiɗa sabuwa a wuraren shaƙatawarsa, ana ta maganar sinadaran PFAS da ba sa ruɓewa. Jihar Kalifoniya, ita ma a Amurka, a 2023 ta ba garuruwanta damar hana ta a gidaje idan sun ga dama. Mutanen da suka ƙirƙiro ta ke nan.

Injiniya Bala: Dokar Turai garin da ake zubawa ta shafa, ba ta hana shimfiɗar kanta ba. Amma maganar juji ba ni da amsarta, Malam. Wannan ka fi ni gaskiya.

Kawu Ɗanladi: Tunda an zo kan waɗanda suka ƙirƙiro ta, bari in tuna muku asalinta, don yana da alaƙa da maganar Dakta. A 1966 ta yi suna, a filin wasa na Astrodome da ke birnin Hiyuston a Amurka. Filin rufaffe ne. Hasken da ke ratsa rufin yana kashe wa 'yan wasa ido, aka shafa wa rufin fenti, ciyawar ta rasa rana ta mutu. Sai aka kawo ta kamfanin Monsanto, daga nan aka sa mata suna AstroTurf. Kun ga ke nan wurin da rana ba ta shiga ne ya ɗaukaka ta. Ni a nawa tunanin har yau nan ne gurbinta: lungun da inuwa ta hana ciyawa fitowa. Mu ne muka fito da ita tsakiyar rana.

Wani abu kuma da na gani a gidan ƙanena, gilashin taga irin mai mayar da zafi ya tattara rana ya harba kan robar, ta narke ta yi dogon layi kamar an ja ta da dutsen guga. Abban Nura, duba tagoginka da na maƙwabta.

Hajiya Mairo: Ikon Allah. Ashe wannan ne ya sami tawa kusa da tagar kicin. Ni na ɗauka yara ne suka yar da garwashi, har na yi musu faɗa.

Auwal: Dakta, idan kare ya tauna ya haɗiye fa? Namu komai ci yake yi.

Dakta Hauwa: Gutsure kaɗan yakan fita a kashi. Dogon zare ko babban yanki shi ne abin tsoro, yana iya toshe hanji har sai an yi tiyata. Idan ka ga amai, ƙin abinci, ko yana nishi ba ya kashi, kada ka jira gobe. Shi ya sa ba na son a bar kwikwiyo mai ƙaiƙayin haƙori shi kaɗai a kanta. Kuma a guji tsohuwa da aka ciro daga filin wasa ana sayarwa. A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi gargaɗi bayan an sami dalma a ƙurar wasu tsofaffin filaye masu zaren nailan a jihar New Jersey. Kare kuwa lasar ƙafarsa yake yi.

Akwai inda robar ta fi ƙasa, in faɗi wannan ma. Ƙwan tsutsar ciki yana iya shekaru a cikin ƙasa yana jiran mai haɗiya, cutar fabo mai kashe kwikwiyo ma takan yi watanni da yawa. Ƙasa ba ta wankuwa, roba kuwa saman ta yana wankuwa. Amma idan kare mai fabo ya yi gudawa a kanta har ta ratsa cikin dutsen ƙasa, ni ba zan kawo kwikwiyon da bai gama rigakafi ba wurin.

Abban Nura: Jama'a na dawo. Kwana tara ke nan ina juya maganganunku. Na karɓo guntuwar robar na ajiye a tsakiyar fili, da azahar na ɗora bayan hannuna kamar yadda Dakta ta ce. Ban kai huɗu ba na janye. Na mayar da ita gindin katanga inda inuwa take wuni, can kuwa lafiya lau, har karyar ta je ta kwanta a kai.

Ga abin da na yanke. Turbar gindin katanga, inda suke tsere kuma ciyawa ba ta taɓa kamawa ba, ita kaɗai zan sa wa roba, faɗin mita ɗaya da rabi, da dutse a ƙasa yadda Injiniya ya tsara. Kusurwar da ke kusa da magudana zan zuba tsakuwa in koya musu fitsari a can. Tsakiya kuma zan sake gwada ƙiri-ƙirin Malam Sule karo na uku, tunda an ɗauke mata gudu da fitsari.

Malam Sule: Alhamdu lillahi, an bar wa ƙasa wurin numfashi. Ka killace tsakiyar mako shida kafin su taka. Ka fara sassauta ƙasar da cokalin lambu, don tattakawa ta mayar da ita kamar daɓe.

Dakta Hauwa: Tsakuwar ta zama mai santsi, ba mai kaifi ba. Ka sa ido a makon farko ko akwai mai haɗiyarta a cikinsu. Koyarwar kuma da safe da igiya, ka kai ta wurin, ta yi, ka yaba mata nan take. Namijin a kafa masa ɗan turke a kusurwar, zai ɗaga ƙafa a kai da kansa.

Injiniya Bala: Bakin da robar za ta haɗu da ciyawa ka sa masa shinge mai zurfi cikin ƙasa, in ba haka ba ƙiri-ƙiri za ta kutsa ƙarƙashi ta ɗaga maka gefe.

Hajiya Mairo: Allah ya sa albarka, Abban Nura. Ranar aikin ka tsaya a kansu da kanka ka ga abin da suke zubawa a ƙasa, kada ka tafi ka bar su kamar yadda na yi. Idan zafi ya shigo ya fita, ka dawo ka gaya mana ko turbar ta yi zarni, don ni ma ina tunanin ɗage tawa duka in bi tsarinka.